Idan Zunubi Ya Hana Kirista Barci: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Kiristocin Daura ba su da yawa, kuma kusan kowa ya san kowa. Akwai sojoji da iyalansu a bariki, akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa makarantun Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa. Akwai ma'aikatan asibiti da masu shagunan magani da na kayan gyaran mota, ga kuma Hausawa Kiristoci daga wajen Malumfashi da Kafur waɗanda aiki ya kawo su. Ƙaramin taro irin wannan yana da daɗin zumunci, amma yana da wuyar ɓoye sirri. Idan mutum ya yi tuntuɓe ranar Talata, kafin Lahadi labari ya gama zagaya majami'a. Shi ya sa da yawa suke haɗiye abin da ke cin su. Wani ya daina zuwa sujada ya ce aiki ne ya yi masa yawa, wani ya nemi canjin wurin aiki, wata kuma tana zuwa kullum, tana waƙa da matan zumunta, amma da dare idonta biyu har asuba.

Abin da ke hana su barci iri-iri ne. Ɗaliba ce ta zubar da ciki ba wanda ya sani. Soja ne ya dawo daga fagen daga da wani abu da hannunsa ya aikata, wanda ko matarsa bai iya faɗa wa ba. Magidanci ne ya ci amanar aure. Ma'aji ne ya taɓa kuɗin da aka ba shi ajiya da niyyar zai mayar, har yau bai mayar ba. Wani kuma a ranar tsoro aka tambaye shi addininsa, ya yi musu. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: anya Allah zai karɓe ni kuwa bayan wannan?

Mutanen ƙasar Daura ba baƙin maganar yafiya ba ne. A wurin jana'iza ana roƙon jama'a su yafe wa mamaci, ana cewa mai bin sa bashi ya zo ya faɗa. Mai shirin tafiya aikin Hajji yakan bi 'yan'uwa gida-gida yana neman afuwa, su amsa masa da cewa sun yafe duniya da lahira. Ko da aka kawo gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari aka binne a gidansa na Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, maganar haƙƙi da yafiya ce ta cika bakin mutane. Musulmi da Kirista duk sun yarda Allah Mai gafara ne, duk sun yarda haƙƙin mutum ba abin wasa ba ne. Inda suka bambanta shi ne a kan abin da gafarar ta jingina. Abin da zan bayyana a nan koyarwar Kirista ce, domin Kiristan da ke ɗauke da wannan nauyi, da kuma maƙwabcinsa Musulmi da yake so ya fahimci abin da abokin zamansa ya dogara a kai.

Abu na farko, bishara ba ta rage wa zunubi nauyi. Duk wanda ya ce maka abin da ka yi ba komai ba ne, alhali ka san ka cuci wani, bai taimake ka ba, lamirinka ma ba zai yarda da shi ba. Koyarwar Kirista ta ce laifin yana da girma, girman da ya kai Yesu Almasihu ga gicciye. Amma ta ƙara da cewa a kan gicciyen aka biya bashin, biya cikakke. Gafara kyauta ce ta alherin Allah ga wanda ya tuba ya ba da gaskiya, ba ladan wahalar da mutum ya ɗora wa kansa ba. A nan ne da yawa suke ɓata hanya. Sun ji wa'azin alheri tun suna yara, amma can cikin zuciya suna ganin sai sun azabtar da kansu shekara da shekaru, sun hana kansu dariya, sun hana kansu Jibin Ubangiji, kafin Allah ya dube su. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura ta 1, ta ɗora alkawarin gafara a kan amincin Allah da adalcinsa, ga duk wanda ya furta zunubinsa. Ba ta ɗora shi a kan yawan hawayen mai furtawa ba. Manzo Bulus kuma ya buɗe sura ta 8 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa da tabbacin cewa an ɗauke hukunci daga kan waɗanda ke cikin Almasihu.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye faɗuwar manyansa ba. Ya ba da labarin yadda Sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba, matar Uriya, ɗaya daga cikin amintattun sojojinsa, sannan ya shirya aka sa Uriya a gaban yaƙi aka kashe shi. Musulmi ba su karɓi wannan labari haka ba, amma haka yake rubuce a littafin Sama'ila na biyu, sura ta 11 da ta 12. Annabi Natan ya zo ya tone masa, Dawuda ya amsa laifinsa nan take, Natan kuma ya sanar da shi cewa Allah ya gafarta masa. Daga wannan tuba Zabura ta 51 ta fito, addu'ar da masu nadama suke yi har yau. Zabura ta 32 kuwa ta kwatanta halin mai yin shiru da laifinsa: jiki yana lalacewa, ƙarfi yana ƙarewa, nishi dare da rana. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali zai gane kansa a ciki. Sai dai a lura, gafarar ba ta share sakamakon abin da Dawuda ya yi ba. Jaririn da Batsheba ta haifa masa ya mutu, gidansa bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Don haka idan ka tuba amma har yanzu kana girbar abin da ka shuka, aure ya lalace ko aiki ya tafi, wannan ba alama ba ce cewa Allah bai yafe ba.

Labarin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na mutum biyu da suka faɗi a dare ɗaya. Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, ya yi alkawari a gaban kowa cewa ko za a kashe shi ba zai rabu da Yesu ba. Cikin daren aka kama Yesu, Bitrus ya bi daga nesa har farfajiyar gidan babban firist. Ana sanyi, barori sun hura wutar gawayi, ya tsaya cikinsu yana jin ɗumi. Wata baranya ta ƙura masa ido ta ce ai shi ma yana tare da mutumin. Ya musa. Aka sake, ya sake musu. A karo na uku aka ce harshensa na Galili ya tona shi, sai ya shiga rantsuwa cewa bai ma san mutumin ba. Zakara ya yi cara. Luka ya rubuta cewa a daidai lokacin Yesu ya juyo ya dube shi. Bitrus ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Shi kuwa Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu a kan azurfa talatin, da ya ga an yanke wa Yesu hukunci, nadama ta kama shi. A duba abin da ya yi: ya ɗauki azurfa talatin ɗin ya mayar, ya buɗe baki ya ce ya ci amanar marar laifi. Ke nan ya furta, ya kuma mayar da kuɗin haram, abin da mutane da yawa ba sa iya yi. Amma wa ya kai wa kukansa? Waɗanda suka saye shi. Suka ce masa ba ruwansu, matsalarsa ce. Ya watsar da kuɗin a Haikali, ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa. Laifin Bitrus bai gaza na Yahuza da nisa ba, amma bai ware kansa ba. Ranar Lahadin tashin Yesu yana cikin 'yan'uwa, da kunyarsa da komai. Daga baya, a bakin Tekun Galili, Yesu ya hura wutar gawayi, ya gasa kifi, ya ciyar da su, sannan ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musun da ya yi, ya kuma danƙa masa kiwon garkensa. Mutumin da ya yi rantsuwar ƙarya a gaban baranya shi ne ya tsaya ranar Fentikos ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka yi baftisma.

Bulus ya bambanta waɗannan baƙin ciki biyu a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, sura ta 7: akwai wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai wanda ke kai shi ga mutuwa. Ana iya gane su. Tsawatarwar Ruhu Mai Tsarki takan ambaci abu takamaimai, ta ce ka yi ƙarya ga wane, ka riƙe kuɗin wance, ta kuma nuna maka abin yi. Da ka yi, sai nauyin ya fara sauka. Ɗayar muryar ba ta da takamaiman zance. Ita dai kullum cewa take kai lalatacce ne, taka ta ƙare, kada ka kuskura ka yi addu'a, kada ka shiga cikin mutanen kirki. Tana tono abin da ka riga ka furta shekara goma da suka wuce. Littafin Ru'ya ta Yohanna ya kira Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa, kuma wannan aikinsa ne. Muryar da ke nisanta ka daga Allah da jama'arsa ba daga wurin Allah take ba, komai kamarta da tsoron Allah.

Ikilisiya ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga allolin daular ya karɓi takardar shaida. Kiristoci masu yawa suka ji tsoro suka yi, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo ƙofar majami'a suna kuka. Wani malami a birnin Rum mai suna Nobatiyan ya ce sam ba za a karɓe su ba. Amma taron bishop-bishop da Sifiriyan ya jagoranta a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 251, ya yanke cewa za a mayar da su cikin zumunci bayan sun nuna tuba. Wannan matsayi ne ya tsaya. Sifiriyan kuwa ba mai sassauci da bangaskiya ba ne, don shi kansa an sare masa kai saboda ita a 258. Wanda tsoro ya taɓa sa ya ɓoye bangaskiyarsa ya sani cewa tun ƙarni na uku aka bar masa ƙofa a buɗe.

To, a aikace yaya ake yi? Ya danganta da ɗarikarka. Ɗan Katolika a Daura yana ƙarƙashin dayosis ta Katsina, wadda Fafaroma Francis ya yanke daga ta Sakkwato a watan Oktoba na 2023, ya naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika. A wurinsu mai tuba yakan je gaban Fada ya furta zunubinsa, Fada ya ba shi shawara da wani aikin tuba, sannan ya sanar da shi gafara da sunan Allah. Abin da ya kamata mai jin tsoron tonon asiri ya sani shi ne, dokar cocin ta haramta wa Fada ya faɗi abin da ya ji a wurin ga kowa, ko bishop, ko ɗan sanda, ko alƙali. An rubuta wannan doka tun babban taron Lateran na 1215, kuma Fadan da ya karya ta ya fitar da kansa daga cocin. 'Yan Anglikan, waɗanda dayosis ɗinsu ta Katsina ta kafu a 1990, sukan furta zunubi tare da baki ɗaya a cikin sujada, limamin ya sanar da gafara, wanda kuma yake so ya gana da shi a keɓe yana iya yi. A ECWA, wadda ta fito daga aikin mishan na SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, da Baftis da sauran majami'un bishara, ana koyar da cewa mai bi ya kai zunubinsa kai tsaye ga Allah ta wurin Yesu, ya kuma nemi fasto ko wani dattijo amintacce su yi addu'a tare, kamar yadda wasiƙar Yaƙub, sura ta 5, ta umarta.

Sai maganar horo, wadda ita ce ta fi tsorata mutane. Idan laifi ya fito fili, dattawan ikilisiya sukan sa mutum a horo na wani lokaci: a sauke shi daga muƙami, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, a wasu wurare a sanar a gaban jama'a, ya koma zama a bencin baya. Duk wanda ya taɓa ganin ranar Jibi ya san zafin abin. Tire na ƙananan kofuna yana bin layi-layi, dattijo ya iso kusa da mutumin, ya ɗan kau da kai ya wuce, shi kuma ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Horo yana da tushe a Littafi, ban ce a daina ba. Amma manufarsa gyara ce da maidowa. Mutumin da ikilisiyar Koranti ta hukunta, Bulus da kansa ya sake rubuto musu cewa ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon da ba a sa masa ranar ƙarewa ba, wanda ba dattijon da ke leƙa mutum a gida, ya kauce wa wannan koyarwa. Kuma abin takaici ne yadda sau da yawa yarinyar da ciki ya bayyana a jikinta take zaman bencin baya ita kaɗai, wanda ya yi mata cikin yana gaba yana kaɗa ganga. Da aka kawo wa Yesu matar da aka kama da zina, ita kaɗai aka jawo, ya kuwa tura masu ƙararta su fara duba kansu, sannan ya sallame ta ba tare da hukunci ba, da gargaɗin kada ta koma. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙaramar ikilisiya irin ta Daura ba ta da mutumin da za ta yar.

Gafarar Allah kuma ba ta rufe haƙƙin mutane. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, ya yi alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Yohanna Mai Baftisma ya gaya wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, ya gaya wa sojoji kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu. Wannan magana ta shafi mai kaki a hanyar Kwangwalam kamar yadda ta shafi ɗan kasuwa a Mai'aduwa. Idan ka sayar wa mutum maganin da ka san ya lalace, ko ka auna masa hatsi da tiyar da aka bubbuga wa gindi, addu'a kaɗai ba za ta kwantar maka da hankali ba. Ka lissafa abin, ka nemi dattijo ya raka ka, ka je ka mayar, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko mai haƙƙin Kirista ne ko Musulmi. Idan ya rasu, magadansa suna nan. Akwai kuma asirin da faɗinsa kai tsaye zai iya rusa gidan wani ko ya jefa rai cikin haɗari. Irin wannan a fara shawara da fasto ko Fada mai hankali kafin a buɗe baki. Idan wanda ka cuta ya ƙi yafewa, kada ka tilasta masa. Ka yi naka.

Akwai kuma masu ɗauke da laifin da ba nasu ba ne, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba ta yi zunubi ba, ita aka yi wa. Uwar da ɗanta ya mutu da zazzaɓi, ko matar da ciki ke zube mata, ba hukunci Allah yake yi mata ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya kore duka biyun. Da wannan fahimta ma'aikatan SIM suka yi jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina tun cikin shekarun 1930, a zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar kuturta a matsayin la'ana.

Wani lokaci kuma nauyin ya zama ciwo. Martin Luther, tun yana zaman sufanci a Jamus, yakan shafe sa'o'i yana furta ƙananan laifuffuka, ya fita, ya tuno wani ya dawo, har malaminsa Staupitz ya gaya masa ya daina tonon kansa ya dubi Almasihu. Idan ka furta, ka gyara abin da za ka iya, amma makonni suna wucewa ba ka barci, ba ka cin abinci, ba abin da ke yi maka daɗi, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, to lamarin yana bukatar likita tare da addu'a. Ciwon damuwa yana da magani, zuwa asibiti kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Ana iya farawa daga asibiti a nan Daura, a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa kada ya kwana da shi shi kaɗai, ya faɗa wa wani a ranar.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kai ne ko ke ce wannan magana ta shafa, kada a jira sai an ji an cancanta. A samu wuri a keɓe, a buɗe Zabura ta 51, a faɗa wa Allah abin da sunansa, sannan a nemi mutum ɗaya mai riƙon amana kafin Lahadi mai zuwa. Ku kuma iyayenmu dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, kun san wanda bencinsa ya daɗe babu kowa. Ku je gidansa cikin makon nan, ku gaishe shi, ku ce masa ana jiransa.